ZAFIN BAZARA DA KIWON ALADU: HASARAR DA BA A GANI SAI DAGA BAYA

Daga ƙarshen watan Fabrairu, sa'ad da iskar hunturu ta kwanta, har zuwa lokacin da ruwan sama ya zauna sosai, mutum da dabba duka suna shan wahalar zafi. Amma cikin dabbobin gida babu wadda zafi yake yi wa ɓarna kamar alade. Masu kiwo da yawa a Kudancin Kaduna, da Filato, da Numan, da Billiri da Zuru sun dogara ga aladu domin kuɗin makarantar yara, da kuɗin taki, da na asibiti. A gidaje da yawa kuwa mata ne suke da wannan kiwo. Saboda haka abin da ya taɓa alade ya taɓa tukunyar gida.

Yawancinmu mukan ce zafi ya yi mana hasara sa'ad da muka tarar da alade a mace. Gaskiya ne, zafi yakan kashe. Amma wannan ita ce ƙaramar hasara. Babbar hasara ba ta da gawa. Aladen da ya kamata a sayar a watan Mayu bai kai ba sai Yuli. Uwar da ta saba haihuwar 'ya'ya goma ta haifi biyar a watan Agusta. Mai ita ya ce rashin sa'a ne, ko ya ce irin ya lalace, bai tuna da ranar da aka yi a watan Afrilu ba. Wannan hasara ce za mu duba, mu ga inda take fitowa, da abin da za a yi a tare ta ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

DON ME ALADE BA YA JURE ZAFI?

Sa'ad da zafi ya dami mutum, sai gumi ya keto masa. Iska ta busar da gumin, jiki ya yi sanyi. Doki ma haka yake. Alade kuwa ba ya gumin da zai amfane shi. Ko da rana ta kai yaya, fatarsa a bushe take. Ban da wannan, yana da kitse mai kauri a ƙarƙashin fata, wanda yake riƙe zafi kamar bargo. Huhunsa kuma ƙarami ne in an gwada da girman jikinsa.

Hanyoyi uku kaɗai suka rage masa. Ta fari, ya miƙe a kan ƙasa mai sanyi domin zafin jikinsa ya shiga ƙasa. Ta biyu, ya yi haki kamar kare. Ta uku, ya jiƙa jikinsa. Wannan ne dalilin da ya sa alade yake birgima cikin taɓo. Ba son ƙazanta ba ne. Taɓon da ya manne a jikinsa yakan daɗe bai bushe ba, ya fi ruwa zalla daɗewa ƙwarai, yana kuwa sanyaya shi muddin yana bushewa. Watau taɓo shi ne gumin alade. Idan ka kulle shi a ɗakin da babu ruwa babu taɓo, zai kwanta cikin fitsarinsa da kashinsa, gama ba shi da wata dabara. In ka ga aladen da ya saba tsabta ya soma haka, zafi ne yake gaya maka.

In duk waɗannan ba su isa ba, saura abu ɗaya: ya rage cin abinci. Narkar da abinci yana haifar da zafi a cikin jiki, kamar yadda ƙara itace yake ƙara wuta. Aladen da zafi ya dama yakan janye itacen. Daga nan hasararmu take farawa.

ZAFI NAWA NE YA YI YAWA?

Zafin jikin lafiyayyen alade wajen digiri 39 ne a ma'aunin santigireti. Zafin wurin da yake so ya danganta ga girmansa.

1. Ɗan alade sabon haihuwa yana so wurin kwanansa ya kai digiri 30 zuwa 34. Shi sanyi ne abokin gabansa.
2. Aladu masu tasowa sun fi jin daɗi daga digiri 18 zuwa 24.
3. Manyan aladu, da uwa mai ciki ko mai shayarwa, da namijin barbara, sun fi son digiri 15 zuwa 22.

Yanzu sai mu gwada da ƙasarmu. A kwarin Binuwai, wajen Yola da Numan, zafin rana yakan wuce digiri 40 a watan Maris da Afrilu. A Kafanchan da Zonkwa bai cika kai haka ba, amma yana wuce 30 nesa, ga kuma gumin da yake zuwa gab da faɗuwar ruwa. Wannan gumi ya fi busasshen zafi cutar alade, domin in iska ta cika da laima, haki ba ya sanyaya shi sosai. Mutanen Jos da Vom suna da sauƙi saboda tudu, gama Jos ta fi bakin teku tsawo da wajen mita 1,200. Duk da haka ɗaki mai gajeren rufin kwano yakan zama tanda da tsakar rana ko a kan dutse.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, gwargwadon girman alade, gwargwadon wahalarsa. Aladen da ya kusa isa kasuwa, wanda ka fi kashe wa kuɗi, shi ne zafi ya fi kayarwa. Na biyu, dare yana da muhimmanci. Idan dare ya yi sanyi, alade yakan huce ya ci abin da bai ci da rana ba. Amma in bango da daɓe suka riƙe zafi har asuba, ba shi da lokacin hutawa.

Zafin kuwa ƙaruwa yake yi. Hukumar yanayi ta duniya ta bayyana cewa 2024 ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka soma rubuta awo. A watan Afrilu na shekarar, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Ɗakin da ya ishi aladun iyayenmu ba lalle ne ya ishi namu ba, balle yanzu da muke kiwon manyan fararen aladu.

YADDA ZAFI YAKE HANA GIRMA

Abincin da alade ya ci kashi biyu ne. Kashi na fari yana tafiya wajen riƙe rai: numfashi, da bugun zuciya, da motsi. Abin da ya ragu shi ne yake zama nama. Idan alade ya rage ci, kashi na fari ba ya raguwa. Na biyun ne yake raguwa. Don haka ragin abinci kaɗan yakan jawo ragin girma mai yawa.

Bari mu yi lissafi da misali. A ce kana da alade mai ƙara rabin kilo kowace rana. Bazara ta zo, ya koma ƙara giram 300. Kowace rana ka rasa giram 200. Cikin kwana 60 ka rasa kilo 12 a kan alade ɗaya. In aladunka biyar ne, kilo 60 ke nan, watau kamar an sace maka alade guda, ba ka kuwa ga ɓarawo ba. Domin ka cike wannan gurbi, sai ka ƙara ciyar da su wajen kwana 24 bayan zafi ya wuce, a daidai lokacin da hatsi da dusa suke tsada, kai kuma kana neman kuɗin taki.

Akwai kuma ɓarnar da take faruwa a ciki. Sa'ad da zafi ya yi yawa, jini yakan koma wajen fata domin ya fitar da zafi, hanji ya rasa isasshen jini. Bangon hanji ya yi rauni, abinci ba ya shiga jiki da kyau, ƙwayoyin cuta kuma su sami hanya. Shi ya sa zawo da ƙananan cuce-cuce sukan biyo bayan kwanakin zafi.

Wannan ba damuwar talaka kaɗai ba ce. A shekarar 2003 masana a Amurka sun lissafta cewa zafi yana jawo wa masu kiwon aladu na ƙasar hasarar kusan dala miliyan 300 kowace shekara, su da suke da fankoki da lantarki.

Irin alade ma yana da nasa. Fararen aladun Turawa, irin su Large White da Landrace, suna girma da sauri, suna haihuwa da yawa. Amma jikin da yake girma da sauri yana haifar da zafi mai yawa, farar fata kuma rana takan ƙone ta har ta yi ja ta saluɓe. Baƙaƙen aladunmu na gida sun fi jimiri, sai dai ba su da saurin girma. Wanda ya sayi farin alade ya sani ya sayi aikin yi masa inuwa da ruwa tare da shi.

UWA MAI SHAYARWA

Babu wadda ta fi shan wahala kamar uwa mai goyo. Tana bukatar abinci fiye da kowane alade a gidan domin ta yi nono, ga shi yin nono kansa yana ƙara mata zafi. A shekarar 1999 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Faransa. Iyayen da aka ajiye a ɗaki mai digiri 18 sun ci fiye da kilo biyar da rabi a rana. Waɗanda aka ajiye a digiri 29 kuwa, kilo uku da ɗan kai kaɗai suka ci. Ku duba fa, digiri 29 ne, zafin da mu a nan muke kira sauƙi.

Uwar da ba ta ci ba, nononta yakan ragu. 'Ya'ya su yi ta kuka a bakin nono, su tashi ƙanana, raunana a cikinsu su mutu. Ita kuma ta narkar da naman jikinta domin ta shayar da su, ta fito daga goyo ƙashi da fata. Lafiyayyar uwa takan nemi namiji kwana huɗu zuwa bakwai bayan yaye. Ramammiya takan yi makonni ba ta nema ba, kana ciyar da ita a banza. Har yanzu, uwar da zafi ya dama ba ta kwanciya wuri ɗaya. Tana tashi tana faɗuwa, ta haka take danne 'ya'yanta.

A nan akwai wuya guda, gama uwa tana son sanyi, 'ya'ya suna son ɗumi, ga su a ɗaki ɗaya. Maganin shi ne a raba musu wuri. A kewaye kusurwa ɗaya da katako, a bar ƙofar da 'ya'ya za su shiga amma uwa ba za ta iya ba, a zuba musu busasshiyar ciyawa. Ita kuwa uwa a sanyaya ta daga wuya da kafaɗa. Ka sami gwangwani ko jarka, ka huda gindinta da ƙaramar ƙusa, ka rataye ta bisa inda uwar takan sa kanta, ruwa ya riƙa ɗiga mata a wuya. Kada ruwan ya kai ga nono ko wurin kwanan 'ya'ya.

ZAFIN AFRILU, HASARAR AGUSTA

Cikin alade kwana 114 ne, watau wata uku da mako uku da kwana uku. Wadda aka yi wa barbara ran 10 ga Afrilu za ta haihu wajen 2 ga Agusta. Wannan tazara ce take ɓoye mana laifin zafi.

Makonni uku zuwa huɗu na farko bayan barbara su ne masu hatsari. A lokacin 'ya'yan ba su gama kama mahaifa ba. In jikin uwar ya yi zafi ƙwarai, waɗansu su mutu su narke ba tare da wata alama ba. Idan kaɗan suka mutu, za ta haifi 'ya'ya kaɗan. Idan duka suka mutu, za ka ga ta sake neman namiji bayan kwana 21 ko fiye. Lokaci na biyu mai hatsari shi ne makonni biyu na ƙarshe. Zafi a wannan lokaci yakan sa naƙuda ta yi tsawo, a haifi waɗansu matattu, wani lokaci uwar ma ta tafi. 'Yan matan aladu kuma sukan yi jinkirin soma neman namiji a bazara.

Namiji ma ba ya tsira. Irin namiji yana bukatar wuri mai ɗan sanyi fiye da sauran jiki. Idan ya yi 'yan kwanaki a jere cikin zafin da ya kai digiri 30 ko fiye, irinsa yakan lalace. Lalacewar ba ta bayyana sai bayan wajen mako biyu, tana kuma ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ya koma daidai. A duk wannan lokaci yana ci, yana hawa, kai kana ganinsa lafiya lau. Namijin da ya sha zafi a farkon Afrilu yana iya ba da raunanan iri har ƙarshen Mayu, bayan an yi ruwa gari ya yi sanyi. Matan da ya hau ran 20 ga Mayu za su haihu wajen 11 ga Satumba.

A ƙauyukanmu sau da yawa namiji ɗaya ne yake yi wa unguwa duka aiki. In ɗakinsa ya zama tanda, gidaje goma ne za su yi kukan ƙarancin 'ya'ya. Ya kamata masu kai matansu wurinsa su je su duba inda yake kwana. In babu inuwa, su taru su yi masa rumfa, gama ribar ta kowa ce.

ALAMUN DA ZA KA DUBA

Ka shiga wurin aladunka tsakanin ƙarfe ɗaya da ƙarfe uku na rana, ba da safe kaɗai ba. Ka tsaya shiru ka ƙirga numfashin wanda yake kwance, kana duban haƙarƙarinsa. Babban alade mai hutawa yakan yi numfashi 15 zuwa 30 a minti ɗaya. In ya wuce 50, zafi ya dame shi. Sauran alamu su ne:

1. Sun warwatsu, kowa ya miƙe a gefe, ba mai son taɓa wani.
2. Sun taru a bakin komin ruwa, suna faɗa, suna neman kifar da shi.
3. Abincin safe yana nan a komi har yamma.
4. Baki a buɗe, yawu yana dalala.
5. Jiki yana rawa, yana tangaɗi, ko ya kasa tashi.

Na huɗu da na biyar alamun mutuwa ne, sai a yi hanzari. Kada ka kore shi, kada ka ja shi da ƙarfi. Ka kawo masa inuwa inda yake, ko da zana ce mutum biyu suka riƙe. Ka jiƙa ƙasar da yake kwance, ka soma zuba masa ruwa kaɗan kaɗan daga ƙafafu da ciki da wuya, kana yi masa fifita da faifai. Kada ka kwara masa ruwa mai sanyi ƙwarai gaba ɗaya. Ka ba shi ruwan sha kaɗan kaɗan, sa'an nan ka aika a kira malamin dabbobi.

Gargaɗi guda: aladen da ya yi yini ko fiye babu ruwa, kada a bar shi ya sha ya ƙoshi nan take. Yin haka yakan taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya riƙa zagayawa yana faɗuwa kamar mai farfaɗiya. A ba shi kaɗan, a dakata, a ƙara.

Kada kuma mu ɗora wa zafi abin da ba nasa ba. Aladen da zafi ya dama yakan farfaɗo ya nemi abinci in gari ya yi sanyi. Idan kuwa ya ƙi ci har da dare, kunnuwa da ciki suka yi ja ko shuɗi, aladu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, to, a yi zaton zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Nijeriya a 1997 ya kuma yi ta komowa. Ba shi da magani. Kada a kai sauran kasuwa, kada a raba naman. A sanar da ofishin dabbobi, su suke aika jini zuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom domin a tabbatar.

ABIN DA ZA A YI

Ɗaki. Mai sabon gini ya sa tsawon ɗakin ya bi gabas da yamma, domin rana ta bi ta kan rufi, kada ta shiga ta gefe. Bango kada ya wuce mita ɗaya da 'yan kai. Daga nan zuwa rufi a bar shi a buɗe iska ta ratsa. Rufi ya yi tsawon mita biyu da rabi zuwa uku, bakinsa ya zarce bango sosai. Jinkar ciyawa ta fi kwano sanyi nesa. Wanda ya riga ya yi kwano ya shimfiɗa ciyawa ko karan dawa ko zana a bisansa, ya danne da itace, ko ya shafa masa farar ƙasa. Tsohon ɗaki mai bango har sama, a fasa masa tagogi biyu masu duban juna. A dasa mangwaro ko dogon yaro a yamma da ɗakin. Kowane babban alade ya sami wajen mita ɗaya faɗi da tsawo, domin ya miƙe ba tare da ya taɓa ɗan'uwansa ba. In wuri ya kasa, gara ka sayar da manya biyu a watan Fabrairu da ka cusa su duka su tsaya cik.

Masu ɗaure alade a gindin itace su tuna inuwa tana tafiya. Inda yake da inuwa da ƙarfe tara, rana ce tsantsa da ƙarfe biyu. Aladu da yawa sun mutu a kan igiya, inuwa tana taku uku daga gare su, masu su suna gona ko kasuwa.

Ruwa. Alade mai tasowa yakan sha wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a rana. Mai kilo 50 zai sha lita biyar, a bazara kuwa yana iya ninka wannan. Uwa mai shayarwa tana bukatar lita 20 zuwa 30, watau jarka guda cike, da zafi ma ta fi haka. Ruwan da aka dama dusa da shi bai isa ba. Tilas a sami ruwa zalla a gabansu dare da rana, cikin komin siminti mai nauyi wanda ba za su kifar ba. Duron da ya yini a rana ruwansa yakan yi zafi, aladu kuwa ba su shan ruwan zafi da yawa. A ajiye shi a inuwa, ko a yi amfani da randa.

Wurin birgima. A haƙa ɗan rami marar zurfi a inuwa, nesa kaɗan da komin abinci, a riƙa zuba masa ruwa. Na siminti ya fi, domin ana iya wanke shi. Na ƙasa a riƙa sauya masa wuri saboda tsutsar ciki. In ruwa yana da wuya, a yayyafa musu a jiki sau biyu ko uku tsakanin sha biyu da ƙarfe huɗu. A jiƙa, a bari ya bushe, a sake jiƙawa. Bushewar ce take sanyayawa, don haka sai da iska.

Abinci. A ba su da sassafe kafin ƙarfe bakwai, da yamma kuma bayan ƙarfe biyar, kashi mafi yawa da yamma. Uwa mai goyo a ƙara mata na uku da dare. Dusa mai ƙaiƙayi da yawa tana cika ciki, tana ƙara zafi wajen narkewa, ba ta kuwa da ƙarfi sosai. Tun da abin da za su ci kaɗan ne, sai ya zama mai kyau. A rage dusa, a ƙara masara da ƙuliƙuli ko waken soya, da ɗan manja in da hali, gama mai yana ba da ƙarfi ba tare da zafi mai yawa ba. Waken soya sai an soya ko an dafa, ɗanye yana hana girma. Jiƙaƙƙen abinci ya fi shiga, amma da zafi yakan yi tsami da wuri. A dama abin da za su cinye nan take, a wanke komi. Ganyen dankali da gwanda da kabewa suna da amfani da rana.

Barbara. A yi ta da asuba ko bayan faɗuwar rana, a maimaita bayan sa'a 12 zuwa 24. A rubuta ranar. Mai haihuwa sau ɗaya a shekara, in an yi mata barbara a tsakiyar Yuni za ta haihu a farkon Oktoba, ta kauce wa bazara gaba ɗaya, ga kuma sabon hatsi. Mai haihuwa sau biyu kuwa ba ta da makawa, bazara za ta same ta ko da sabon ciki ko da goyo. Saboda haka ɗakin da ya fi sanyi a gidan nata ne, ita da namiji. Fiɗiya da allura da sauya ɗaki, duka a yi su da sanyin safiya.

Kasuwa. Kowace Alhamis ana kai aladu kasuwar Katsit kusa da Kafanchan, daga nan manyan motoci su kwashe su zuwa kudu. Aladen da aka ɗaure a bayan babur, aka yi tafiya da shi cikin rana, aka yar da shi a fili, yana iya mutuwa kafin a yi ciniki. Wanda bai mutu ba ya rage nauyi, mai saye kuma ya sami abin rage kuɗi. A tashi da asuba. Kada a cika masa ciki kafin tafiya, amma a ba shi ruwa. A shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu ko ɗanyen ganye, kada a cusa su a mota, in an isa kuma a nemi inuwa tukuna.

TUN KAFIN ZAFI YA ZO

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ciyawar jinka da kara suna samuwa da kaka, ba a watan Afrilu ba. Watan Janairu ne lokacin ɗaga rufi, da fasa taga, da gina komi, da shirya wanda zai riƙa ɗebo ruwa. Aikin ɗebo ruwan nan kada a bar wa mata da yara su kaɗai, gama uwa ɗaya da 'ya'yanta masu tasowa suna iya shan jarka biyu ko uku a yini.

Muna roƙon kowane mai kiwo ya sayi ƙaramin littafi. Ya rubuta ranar barbara, da sunan gidan da namijin yake, da ranar haihuwa, da yawan 'ya'ya masu rai da matattu, da ranar da ya sayar. Bayan shekara ɗaya ya gwada haihuwar Agusta da Satumba da ta sauran watanni. A taron ƙungiyar manoma ku haɗa littattafanku ku duba tare. Wanda ya rufe kwanonsa da ciyawa ya faɗi abin da ya samu, wanda bai rufe ba shi ma ya faɗi nasa. Daga nan kowa zai ga da idonsa nawa bazara take ci a gidansa, ya kuma san ko ɗaurin ciyawa goma da komin ruwa guda sun biya kuɗinsu.